Alhamis Kaɗai Ta Fita Daidai

Shekara goma sha tara Sista ta yi a ɗakin haihuwa, kuma ba ta taɓa jin aiki ya fi ƙarfinta ba sai da aka ɗora mata tsara jadawalin ma'aikata. Su goma sha huɗu ne a sashen, kowacce da uzurinta. Wannan tana kai mahaifinta ganin likita duk Talata, waccan tana ƙarin karatu Asabar da Lahadi, ga sababbi biyu da ba a barinsu su kaɗai, dole a jingina kowacce da babba. Duk ƙarshen wata sai Sista ta baje takardu a kan teburin falo, ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa ta goge, har takardar ta huje. In ta manna a allon sanarwa kuwa, kafin ta juya baya an biyo ta da ƙorafi.

'Yarta ta fari ce ta gaji da jin wannan kuka a waya. Da ta zo hutu sai ta bar mata tsohuwar kwamfutarta ta hannu, wadda maɓalli ɗaya ya ɓalle aka liƙe shi da salatif, ta kuma rubuta sunanta a wani ajin koyon rubuta manhaja da ake yi duk safiyar Asabar. Sista ta ce ita da ta kusa yin jika ina ita ina komawa aji. Ranar Asabar ɗin kuma ita ce ta riga kowa zuwa.

Ajin yana saman wani kantin magani, ɗaki ne dogo mai kwamfutoci goma sha biyu da fanka ɗaya mai ƙara kamar za ta faɗo. Mai koyarwar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba, siririya mai tabarau da saurin magana. Ita tana ce wa Sista Mama, Sista kuma ta ƙi kiranta da komai sai Malama, duk da ta roƙe ta ta daina.

Makonnin farko sun tafi lafiya. Ta rubuta 'yar manhajar da ke tambayarta sunanta ta gaishe ta, ta yi ta sa ta gaishe ta har sau goma. Ta koyi yadda ake sa kwamfuta ta maimaita abu, da yadda ake ce mata in kaza ya faru ki yi kaza. Har ta fara ganin abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

A mako na biyar Malama ta rubuta 101 a allo ta tambayi aji nawa ne wannan. Sista ta ɗaga hannu ta ce ɗari da ɗaya.

"Biyar ne, Mama," in ji Malama.

Sista ta cire tabaranta ta goge ta mayar. Lambar tana nan yadda take.

Malama ta yi bayani cewa kwamfuta ba ta san lambobi goma da muka sani ba, biyu kawai ta sani, sifili da ɗaya. Saboda haka gurbin lamba a wurinta ba ya tafiya ɗaya, goma, ɗari, sai dai ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida, kowane gurbi ninkin na damansa. Inda aka sa ɗaya a ƙirga gurbin, inda aka sa sifili a tsallake shi. To 101 ke nan akwai huɗu, babu biyu, akwai ɗaya. Huɗu da ɗaya biyar. Ta ce kowa ya je gida ya gwada da yatsunsa: babban yatsa ɗaya, na kusa da shi biyu, na tsakiya huɗu, mai bi masa takwas, ƙaramin sha shida. Yatsan da aka miƙe ana ƙirga shi, wanda aka lanƙwashe babu shi. Da hannu ɗaya, in ji ta, mutum zai ƙirga har talatin da ɗaya.

Da yammar ranar Sista ta zauna a falo tana fuskantar ƙofa, ta miƙa hannun dama gabanta tana ƙirgawa a hankali. Takwas ta ba ta wahala, don yatsan ya ƙi tsayuwa shi kaɗai sai da ta tallafe shi da ɗaya hannun. Daga sha shida abin ya fara shiga jikinta, ta ƙara sauri. Ashirin da tara, talatin. Tana cewa talatin da ɗaya, yatsu biyar duka a ware, tafin hannu a gaba, sai labule ya ɗaga, surukarta ta shigo da carbi a hannu.

Inna, mahaifiyar mijinta, tsohuwa ce mai shekara tamanin da wani abu, tare suke zaune tun rasuwar mijin tsohuwar. Ta tsaya cak ta dubi hannun, ta dubi mai hannun.

"Ni kike yi wa daƙuwa?"

Sista ta sauke hannun kamar ta taɓa wuta. Ta zube a ƙasa tana rantsuwa cewa karatu ne, lissafi ne, talatin da ɗaya ce. Ƙara bayanin da take yi ƙara dagula maganar yake. Sai da ta kama hannun Inna da kanta, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana faɗin darajar kowanne, sannan tsohuwar ta gane inda aka dosa. Ta zauna a kujera tana dariya har hawaye, ta ce shekara ashirin da uku suna tare ba ta taɓa jin ko tsakin matar ɗanta ba, ashe jira take ta shiga makaranta.

"To na ji," ta ce tana share ido da bakin mayafi. "Amma a gidan nan lissafi ya riƙa tsayawa a talatin."

Asabar ta gaba ce ta zo da abin da ya kulle wa Sista kai. Malama ta kawo alamomi uku da ake sawa tsakanin lambobi biyu. Ta farko mai kama da igiyar da aka ƙulla, &, ta ce a kira ta "da". Ta biyu tsayayyen sanda, |, ita ce "ko". Ta uku 'yar hula, ^, ita kuma "ɗaya tak". Ta rubuta shida & uku, kwamfuta ta ce biyu. Ta canza zuwa sanda, ta ce bakwai. Ta sa 'yar hula, ta ce biyar. Yaran ajin suna ta gyaɗa kai, Sista kuwa ta cika shafi biyu da rubutu ba tare da ta fahimci layi ɗaya ba. Ta bar aji ranta a jagule, ko gaisawar da ta saba tsayawa yi da mai kantin magani ba ta yi ba.

Washegari bayan azahar ta samu mijinta a baranda ya kwance dutsen guga yana canza masa waya. Aikinsa ke nan, gyaran wutar lantarki, shekara talatin. Unguwa duk Injiniya ake ce masa, ko da yake a hannun ubangidansa ya koya, bai taɓa shiga jami'a ba. Mutum ne marar yawan magana, kuma tun da ta fara ajin bai taɓa tambayarta abin da ake koya musu ba, iyakarsa ya kai ta a babur ya ɗauko ta.

Ta zauna kusa da shi da littafinta, ba don tana tsammanin taimako ba, sai don ta samu wanda za ta yi wa mita. Ta ce wane irin lissafi ne shida da uku za su ba da biyu, su ba da bakwai, su kuma ba da biyar, duk a safiya ɗaya. Ya ce ta karanta masa abin da Malama ta faɗa. Ta karanta: a jera lambobin biyu sama da ƙasa, a duba gurbi-gurbi. A "da", sai in duka biyun ɗaya ne za a samu ɗaya. A "ko", ɗaya a kowane ɓangare ya isa. A "ɗaya tak", sai in sun saɓa.

Injiniya ya ajiye sukundirebansa.

"Sake karanta na farkon."

Ta sake. Ya tashi ya shiga ɗakin da yake ajiye kayan aiki, ya daɗe yana buruntu, ya fito da guntun katako, da batir, da ƙaramin ƙwan fitila, da makunnai biyu. Cikin 'yan mintuna ya jera makunnan a kan waya ɗaya, wannan bayan wannan, ya ce ta danna na farko. Babu haske. Ta kashe ta danna na biyu. Babu haske. Ta danna duka biyun, ƙwan ya kama.

"Ga 'da' ɗinku," ya ce.

Ya kwance ya sake ɗaurawa, wannan karon kowane makunni da hanyarsa zuwa ƙwan. Duk wanda ta danna wuta ta kama, ta danna biyun ma ta kama. Ita ce ta ce "ko" da bakinta. Na ukun kuwa ya ce ba sai ya haɗa ba, shekara goma sha biyu tana amfani da shi. Ya ja ta zuwa matattakalar benen da suke zaune, wadda ko da rana duhu gare ta. Akwai makunni a ƙasa, akwai wani a sama, shi ya ɗaura su da hannunsa. Ya tsaya a sama, ya tura ta ƙasa. Ya ce ta lura: in duka biyun sun kalli sama, duhu, in duka sun kalli ƙasa, duhu, in sun saɓa, haske.

Suka yi ta yi. Ita ta danna daga ƙasa ta ce ɗaya, shi ya amsa daga sama ya ce sifili, fitila ta kama. Ya danna ya ce ɗaya, ta mutu. Sista ta hau ta sauka ya fi sau biyar tana duba makunnan da idonta, tana haki tana dariya. Har sai da tela da ke zaune a ƙasa ya leƙo zai yi wa yara faɗan wasa da wuta, ya tarar da Injiniya da matarsa, ya gaishe su ya koma.

A kan matattakalar ta zauna ta buɗe littafi. Ta rubuta shida, 110, ta rubuta uku a ƙarƙashinta, 011. Gurbin tsakiya ne kaɗai duka biyun suke a kunne, ke nan 010, biyu. Ta yi na sanda ta samu 111, bakwai. Ta yi na hula ta samu 101, biyar. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta, ta ce ashe shekara talatin yana rubuta manhaja da filaya bai gaya wa kowa ba. Ya sosa ƙeya ya ce shi ma yau ya sani. Da daddare ba a yi maganar ba, amma da safe ta ji shi yana ba yaran shagonsa labari a waya, har da ƙari.

Ranar Litinin tana ofis, ta buɗe aljihun tebur ta ga 'yan takardun uzurin da aka fara tara mata na wata mai zuwa. Ta ɗauki na farko, na wata ƙawarta da suke kira Doguwa, ta rubuta ranakun da za ta iya aiki: Litinin, Laraba, Juma'a. Tana kallonsa sai ta ga ba kwanaki take gani ba, makunnai bakwai ne a jere, uku a kunne, huɗu a kashe. Ta jawo takarda. Ta ba Litinin gurbin ɗaya, can ƙarshen dama, Talata biyu, Laraba huɗu, haka har Lahadi sittin da huɗu. Doguwa ta zama ɗaya da huɗu da sha shida, ashirin da ɗaya. Auta, ƙaramarsu da ba ta cika wata uku da fara aiki ba, tana da Laraba, Alhamis, Juma'a, ta zama ashirin da takwas. Ta sa "da" a tsakaninsu ta samu ashirin, wato huɗu da sha shida, Laraba da Juma'a. Ranakun da za ta iya jingina Auta da Doguwa ke nan, abin da a da sai ta bi da yatsa layi-layi. Kuma in ta haɗa lambobin kowa da "ko" ba ta samu ɗari da ashirin da bakwai ba, ta san akwai ranar da babu kowa.

Kwana goma ta yi tana rubuta manhajar, a lokacin hutun rana da kuma bayan la'asar. Malama ta nuna mata wata alama ta huɗu, kibiyoyi biyu masu tura ɗaya zuwa hagu, duk turi ɗaya lamba ta ninka, da ita ake leƙa kowace rana a ga ko a kunne take. Da ta gama sai ta gwada da kanta. Ita Alhamis ce ranar hutunta. Ta shigar da lambarta, manhaja ta fito mata da kwana shida na aiki, Alhamis hutu. Ta shigar da na kowa, ta buga a takarda, ta tafi asibiti da ita a jaka kamar mai ɗauke da takardar shaidar digiri.

Allah ya taimake ta ba ta manna ba. A ɗakin shan shayi ta fara nuna wa Doguwa, don ta ji yabo. Doguwa ta karanta, ta ajiye kofi, ta tambaye ta laifin me ta yi mata da za ta sa ta aiki ran Lahadi ta hana ta Litinin. Wadda ke kai mahaifinta asibiti ta leƙo, ta ga an sa ta Talata an ba ta hutun Asabar. Mai karatun ƙarshen mako ta samu kanta a Asabar da Lahadi cif, an ba ta hutun Litinin da Talata. Kafin a jima ɗakin ya cika, takarda tana yawo hannu zuwa hannu ana shewa. Doguwa ta ce ko fensirin da can bai taɓa yi musu irin wannan ba, shi yakan ɓata wa mutum uku rai, wannan kuwa ta haɗa kowa ta yi musu adalci.

Sista ta karɓi takardarta ta koma ofis. Ta kira Malama, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta ajiye, ta jera takardun uzuri a hagu, jadawali a dama, ta shiga bi ɗaya-ɗaya da jan biro. Duk inda aka nemi Litinin, Lahadi ta fito. Talata ta koma Asabar, Laraba ta koma Juma'a. Amma duk wadda ta ambaci Alhamis, Alhamis ɗinta tana nan daram. Ta rubuta kwanakin a jere tana kallo. Uku a wannan gefe, uku a wancan, Alhamis a tsakiya. Ko ta wane ɓangare ka fara ƙirga, ita ce ta huɗu.

Ta buɗe kwamfuta. Lokacin shigar da lambobi ta fara Litinin daga dama, kamar yadda ya kamata. Lokacin da ta zo rubuta layin da ke fito da sunayen kwanaki kuwa, hannunta ya bi sabonsa, ta fara Litinin daga hagu. Ta juyar da mako gaba ɗaya, kuma ta gwada shi da mutum ɗaya tilo da juyin ba zai taɓa ba. Ta gyara layin, layi ɗaya tak, ta danna. Doguwa: Litinin, Laraba, Juma'a. Ta bi sauran goma sha ukun duka, babu wanda ya kauce.

Ta jingina da kujera ta yi dariya ita kaɗai. Tana cikin haka Malama ta kira tana ba da haƙuri, tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau, Malama. Na yi ɓarna ne, na kuma gyara abata."

Da rana ta manna sabon jadawalin. Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ba a cika jin yabo daga bakinta ba, ta tsaya gaban allon da tabarau a ƙarshen hanci, ta bi shi daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa har sama. Ta tambayi ko akwai mai ƙorafi. Doguwa ta ce ita tana da shi, an raba su da abin yi na farkon wata, yanzu da wa za su yi rigima. Metiron ta juyo wajen Sista ta ce ta shirya, sashen yara da na tiyata su ma goge-gogen nan suke yi, za ta turo mata shugabanninsu ran Laraba ta nuna musu.

Asabar ɗin nan Malama ta sa ta fito gaban aji ta nuna manhajar. Sista ta ce ba za ta nuna gyararriyar ba sai ta fara nuna ɓatacciyar, ta bar yaran su nemo kuskuren da kansu. Minti ashirin suka yi suna fama, sannan wata yarinya a layin baya ta gano shi, Sista ta sa aka tafa mata.

Daga nan Malama ta goge allo ta ce yau za su ga yadda kwamfuta ke rubuta lambar da ta gaza sifili, alhali ba ta da wurin sa alamar ragi. Ta ce a juya kowane sifili ya koma ɗaya, kowane ɗaya ya koma sifili, sannan a ƙara ɗaya a kai. Sista ta saurara da kyau har ƙarshe, ba ta gane komai ba. Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta kwanan wata a sama, ta ɗaga hannu.

"Malama, a dawo baya kaɗan. A hankali."